Ƙarfe ya ɗago a saman joyis: a rarake allo, a yi ciko, ko a taɓa ƙarfen?

Duk wanda ke gina gidansa da hannunsa kuma ya zaɓi daben katako sai ya zo wannan gaɓar. Ka gama jera joyis, wato dogayen katakan nan da ke kwance suna ɗaukar nauyin dabe, ka rataye su da hanga ta ƙarfe, wato maƙalin da bakin joyis ke zama a ciki ana kafe shi a jikin wani katako, ka cika ƙusoshi, ka ɗauko allon farko da murna ka ɗora sai ka ji yana lilo, gefe ɗaya ya zauna ɗayan yana sama. Ka durƙusa ka leƙa, ashe leɓen hangar ne da ya naɗo ta saman katako, ga kawunan ƙusa zaune a kansa. Abin bai fi milimita 2 ko 3 ba amma allo ya ƙi zama.

Ni ɗakin farko da na yi cewa na yi ai sukuru zai danne shi, na ɗaure da ƙarfi har allon ya lanƙwasa ya bi. Ranar kam lafiya lau. Bayan 'yan watanni katako ya bushe sai ƙara ta fito daidai bakin ƙofa, duk wanda ya taka sai ka ji ƙiii, kuma da yake na riga na sa gam a haɗin allunan babu yanda za a ɗaga ɗaya ba tare da an yanka shi da zarto ba. Abinda ya sa nake ɗaukar maganar nan da muhimmanci kenan, gyaranta kafin a rufe aikin awa biyu ne, bayan an rufe kuwa sai an yi ɓarna.

Ka fara aunawa kafin ka zaɓa

Toh kafin komai ka san wane irin ƙarfe ne ya ɗago, don ba duka suke ɗaya ba. Leɓen hanga yawanci kaurinsa tsakanin milimita 1 ne zuwa 2.5, kan ƙusa ya ƙara masa ɗan kaɗan. Akwai kuma doguwar maɗaurin ƙarfe da ke ɗaure dabe da bango don kar bangon ya buɗe, irin wadda ake sawa a Birtaniya faɗinta milimita 30 kaurinta 5, tana ratsa joyis uku. Sai kan bolt da wosha wanda zai iya kai santimita guda ko fiye, sai kuma bim na ƙarfe, wato babban ƙarfen da ke kwance yana ɗaukar joyis, idan samansa ya zo daidai ko ya ɗara katako.

Ka samu doguwar rula ta ƙarfe ko lebur (ma'aunin daidaito na magina) mai mita 2, ka gitta ta a kan joyis, ka ga inda take hawa da inda haske ke wucewa ta ƙasa. Ka rubuta tsawon kowane tudu da fensir a jikin katakon, sannan ka ƙirga su. Lambobi biyun nan, nawa ne tsawon kuma guda nawa ne, su ne za su yi maka rabin zaɓin.

Abubuwan da ni nake dubawa a kowace hanya su ne: na farko kuma wanda ya fi komai, shin ta rage ƙarfin ginin ko ba ta rage ba. Na biyu allo zai zauna daram a kan katako ko zai zauna a kan ƙarfe, don ƙarar dabe daga motsi take zuwa, allo na gogar ƙarfe ko ƙusa. Sai kuɗi, sai wahala da kayan aikin da take buƙata, sai tsawon da za ta ƙara wa daben saboda ƙofa da matakala. Akwai kuma abinda za ka shimfiɗa a sama, kafet mai kauri yana ɓoye ɗan tudu, tayil kuwa ba ya yafiya, ma'aunin da aka saba bi shi ne kar bambanci ya wuce milimita 3 a ƙarƙashin rula mai mita 2.

Hanya ta 1: a danne shi haka nan

Ba kuɗi ba ɓata lokaci, shi ya sa take jan mutane. Kuma gaskiya idan leɓen siriri ne sosai, kamar milimita 1, allon kuma falankin katako mai laushi ne ko OSB (allon da aka matse daga sassaƙen katako da gam), ƙarfen kan nutse cikin bayan allon, musamman in an zuba gam ɗin poliyuritan mai kumfa a kan joyis ya cike ɗan gibin da ke gefe. Amma ka sani kumfar nan cika wuri take yi kawai, in gibi ya yi kauri ba ta da ƙarfin ɗaukar nauyi, tana murƙushewa.

Da zarar tudun ya kai milimita 2 zuwa sama matsala ta fara. Allon cibod, wanda aka matse daga ɓarɓashin katako da gam, ba ya son lanƙwasa, ko dai haɗin harshe da kwarinsa (inda gefen wani allo ke shiga cikin na wani) ya tsage ko kuma ya zauna a kan ƙarfe kamar sikeli. Kuma matsalar hanga a layi suke, duk a kan katako ɗaya, saboda haka tudun da za ka samu dogo ne daga bango zuwa bango. Ban ba kowa shawarar wannan ba sai a kan leɓe mafi siranta.

Hanya ta 2: a rarake bayan allo

Nan allon ne ke ba ƙarfe hanya. Ka yi ɗan rami marar zurfi a bayan allon daidai inda ƙarfen zai shiga, sai allon ya sauka ya zauna a kan katako ƙarfen na cikin aljihunsa ba ya taɓa komai.

Wahalar ita ce gano wurin daidai tunda kana aiki ne a baya, komai a juye yake. Dabarar da ta fi min sauƙi: ka goga alli mai yawa ko kireyon a kan leɓen da kawunan ƙusa, ka ɗora allon daidai inda zai zauna, ka hau ka taka da ƙafa sau biyu, ka juya shi. Za ka ga hoton ƙarfen ya fito a baya tsaf har da ɗigo-ɗigon kan ƙusa. Sai ka saita rauta, wato injin rarake katako, ta wuce tsawon tudun da milimita 1, ka faɗaɗa ramin da kamar milimita 5 zuwa 10 kowane gefe don katako na motsi da canjin yanayi, ba ka so gefen ramin ya zo yana gogar ƙarfe daga baya. In ba ka da rauta cizal mai kaifi zai yi a kan falanki, a kan cibod kuwa yana farfashewa, gara bakin diril mai faɗi mai lebur ɗin gindi ka yi ramuka biyu-uku kusa da juna. Kan bolt ma da wannan bakin ake yi masa gida.

Ta fuskar ƙarfi babu abin tsoro in ramin ƙarami ne. Allo mai milimita 22 ka cire 3 saura 19, kuma wurin a kan katako yake ba a tsakiyar fili ba. Inda za ka kula shi ne kar ka cinye leɓen ƙasa na kwarin haɗi, kuma kar ka ja dogon kwari mai zurfin milimita 6 a bayan allo mai 18 don doguwar maɗauri, wannan kam ka rage shi da kashi ɗaya cikin uku a wurin da ba abinda ke tallafe shi.

Kuɗi kusan babu in kana da kayan aiki. Tsawon dabe bai ƙaru ba ko kaɗan. Illarta lokaci, kowane allo sai an ɗora an ɗaga an juya an sake ɗorawa, allon cibod mai tsawon 2400 da faɗin 600 kuma ba shi da daɗin juyawa kai kaɗai a kan joyis da ba a rufe ba. Rami goma ko ashirin ba komai, in sun kai ɗari za ka gaji ka fara yin na ganin dama.

Hanya ta 3: a yi ciko a kan duk joyis

Maimakon a saukar da allo, sai a ɗaga duk saman katakan su zo daidai da ƙarfen ko su ɗan ɗara shi. Ana yanka siraran filawud mai milimita 3 ko 4 gwargwadon faɗin joyis, a manna su da gam a kan kowane joyis daga farko har ƙarshe, a tsaya kusa da ƙarfen a tsallake shi a ci gaba.

Mutane na jin kamar kayan za su yi yawa amma yi lissafi ka gani. Ɗaki mai mita 4 da 5, joyis a tazarar milimita 400, kusan guda 14 kenan masu mita 4, jimilla mita 56. Filawud ɗaya mai 2440 da 1220 in ka tsaga shi milimita 45-45 zai ba ka tsinke 25, wajen mita 61. Kaga allo ɗaya ya isa ya gama maka ɗaki guda, in ka haɗa da katakon da hangar ke jiki sai ka ɗan ƙara.

Abinda nake so da wannan hanyar shi ne tana gyara matsala biyu lokaci ɗaya. Joyis na katako zalla ba sa zuwa daidai da juna, wani ya fi wani da milimita 2 ko 3, wani ya yi doro a tsakiya. Tunda dama kana ciko sai ka ja zare daga wannan bango zuwa wancan ka ƙara wa na ƙasa, ka rage wa na sama da filen, wato abin goge katako. Daben da ya fi kowanne zama lebur da na taɓa yi ta wannan hanyar ne.

Sharaɗinta cikon ya zama mai tauri kuma a jere ba guntu-guntu ba. Kwali, roba mai laushi, soso, duk za su lotse bayan an fara takawa sukuru ya saki. Hadbod, siririn allon nan na matsattsen garin katako, yana yi amma ba ya jure ruwa, in ginin naka ba a rufe sama ba tukuna kuma ruwan sama na iya dukansa to filawud ya fi. Sannan ka tuna yanzu layin gam biyu ne, ƙarƙashin ciko da samansa, wanda ka tsallake a cikinsu nan ƙara za ta fito. Tsawon da aka ƙara milimita 3 zuwa 4 ne, ƙofa ba za ta ji ba, amma in rabin bene kawai ka yi wa ciko za ka samu ɗan mataki inda ya haɗu da ɗaya rabin, sai ka shirya ya faɗo a ƙarƙashin bango ko dokin ƙofa.

Hanya ta 4: a zaunar da ƙarfen cikin katakon

Wato a sassaƙe saman joyis ƙarfen ya kwanta ciki. Ga doguwar maɗauri mai milimita 5 wannan ita ce hanyar da aka saba tun asali, a yi mata ɗan gurbi a joyis ukun da take ratsawa a sa guntayen katako tsakaninsu su tallafe ta. Amma sassaƙar joyis tana da ƙa'ida. A Birtaniya gurbin sama kar ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na zurfin joyis, kuma ya kasance tsakanin 0.07 da 0.25 na tsawonsa daga inda ya zauna. Misali joyis mai zurfin milimita 200 da tsawon mita 4, gurbi kar ya wuce milimita 25, tsakanin milimita 280 da mita 1 daga gefe. A Amurka kashi ɗaya cikin shida ne kuma ba a yi a kashin tsakiya cikin uku na tsawon. Ka duba wacce ke aiki inda kake gini.

Wannan duk maganar katako zalla ce. Joyis ɗin masana'anta mai siffar harafin I, ko mai ƙarfe a tsakiya da katako sama da ƙasa, ba a yanka katakon samansa ko kaɗan, shi ne ke ɗaukar matsin.

Ga hanga kuwa akwai wani tarko da ba a cika lura da shi ba. In ka nutsar da leɓen sama da milimita 2 duk hangar ta sauka da milimita 2, joyis ɗin da ke zaune cikinta ma ya sauka, sai ka koma yin ciko ta wani gefen. In kuma an riga an buga ƙusoshi, zare su na ɓata katakon da hangar, mayar da ƙusa tsohon rami kuma ba ya kamawa kamar na farko. Saboda haka hanya ce mai kyau ga wanda bai fara ba, ba ga wanda ya gama ba.

Hanya ta 5: a niƙe ko a yanke ƙarfen

Don Allah ɗan'uwa kar ka yi. Na san giranda, injin yanka da goge ƙarfe, na kusa kuma minti biyar ne, amma leɓen nan da ya naɗo sama yana cikin abinda ke riƙe nauyi, kan ƙusa kuma shi ke hana ƙarfen zamewa ya fita. In ka niƙe shi kuma ka cire shafen zinki da ke kare shi daga tsatsa kenan. Kamfanonin da ke ƙera su irin su Simpson Strong-Tie nauyin da suke rubutawa a teburinsu na hangar da aka sa yanda suka ce ne, da irin ƙusar da suka ce, ba wadda aka yi wa aski ba. Ga tartsatsin wuta a cikin garin katako.

Abinda ya halatta shi ne ƙarasa aikin da ba a gama ba, ƙusar da kanta bai zauna ba ka ƙarasa buga ta, leɓen da ya ɗan ɗaga ka kwantar da shi da guduma ya manne da katako. Sau da yawa wannan kaɗai na rage tudun da milimita guda, shi ya sa ya kamata ka zagaya da guduma kafin ma ka auna.

Hanya ta 6: a canza hanga, ko a sa reng a sama

Akwai hanga mai kama fuskar katako kawai ba ta da leɓen sama, da ita babu abinda zai ɗago. Sai dai duk nauyin a kan ƙusoshi yake, adadin da take ɗauka daban ne, in injiniya ya rubuta wata iri a zane sai ka koma wurinsa kafin ka canza. Kar kuma ka ɗauki mai dogayen ƙafafu da ake naɗowa sama ka guntule ƙafafun kace ta zama irin wannan.

Reng kuwa, wato ƙananan katako masu kaurin milimita 25 zuwa 50 a kan joyis, yana haɗiye komai har kan bolt, ya ba ka hanyar waya da wurin abin rage ƙara. Shi ya fi tsada kuma yana ɗaga dabe sosai, matakin ƙarshe na matakala zai fi sauran tsawo, wannan kuma shi ke kayar da mutane, ƙofofi ma sai an rage.

| Hanya | Kuɗi | Wahala | Ƙarko | Haɗari ga gini | Ƙarin tsawo |
|---|---|---|---|---|---|
| Danne shi haka | babu | kaɗan | ba tabbas, ƙara na iya fitowa | kaɗan, allo ke shan wuya | tudu a layi |
| Rarake bayan allo | kusan babu | matsakaiciya, tana cin lokaci | mai kyau | kaɗan in rami ƙarami ne | babu |
| Ciko a duk joyis | kaɗan | sauƙi amma da yawa | mai kyau in an sa gam | kaɗan | mm 3 zuwa 4 |
| Gurbi a joyis | babu | sauƙi kafin a buga | mai kyau | akwai in an wuce ƙa'ida | babu |
| Niƙe ƙarfe | babu | sauƙi | tsatsa | babba | babu |
| Canza hanga | matsakaici | babba in an riga an buga | mai kyau | sai injiniya ya duba | babu |
| Reng | mafi yawa | matsakaiciya | mai kyau | kaɗan | mm 25 zuwa 50 |

Ko wacce ka ɗauka akwai abubuwan da ba sa canzawa. Cibod mai milimita 18 na tazarar joyis 400 ne, in tazarar 600 ce sai mai 22. Ka bar gibin aƙalla milimita 10 a jikin bango. Gam a kan joyis da cikin haɗi, sukuru mai tsawon kamar ninki biyu da rabi na kaurin allo, in ka yi ciko ka ƙara kaurin cikon a lissafi. Kuma ka zana inda ƙarfe yake a saman allon da zarar ka ɗora shi, haka bututu da waya, don sukurun da ya ci karo da leɓen hanga ba ya shiga, ɗaga allon yake yi ya bar maka sabon tudu.

Wa ya dace da wacce

In hangar a layi ɗaya ko biyu suke, misali kewayen ramin matakala, joyis ɗinka kuma lebur suke, ka rarake bayan allo shikenan, babu dalilin ɗaga ɗaki guda saboda ƙarfe goma sha biyu. In ƙarfen ya cika ko'ina ko kuma rula ta nuna maka joyis ɗin ma kansu hawa da sauka suke, ciko ya fi maka, haka in tayil za ka sa a sama. Wanda falankinsa shi ne fuskar dabe, katako mai tsada da ba a son ɓatawa, shi ma ciko ya fi masa kwanciyar hankali, balle in katakon oak ne wanda ruwan jikinsa ke cin ƙarfe ya bar baƙin tabo in akwai danshi, gara kar su haɗu sam.

Doguwar maɗauri mai milimita 5 a kan katako zalla, gurbi a joyis cikin ƙa'ida. A kan joyis na masana'anta kuwa ka bi takardar masu ƙera shi, suna da yanda suke so a bi da ita ba tare da yanka ba. Kan bolt ɗaya-ɗaya, rami a bayan allo in allon na da kaurin ɗauka, in ya yi tsawo da yawa sai reng. Wanda bai sayi hanga ba tukuna ya fi kowa sa'a, ya tambayi injiniyansa ko mai kama fuska za ta ɗauki nauyin.

Sai mai bim na ƙarfe a tsakiyar dabe, naka daban ne don katako na raguwa in ya bushe ƙarfe kuwa yana nan yanda yake. Abinda yau yake daidai bayan shekara zai zama doro a tsakiyar ɗaki, shi ya sa magina a Birtaniya ke barin saman joyis na katako zalla ya ɗara saman bim da aƙalla milimita 12. In naka bai kai haka ba ka yi ciko a kan joyis ɗin har allo ya tsallake bim ɗin da sarari, kar ka bari ya zauna a kansa.